Tumakin da Na Zana wa Baffa

Na sha jin ku, ku 'ya'yana da jikokina, kuna ba juna labarin ƙoren tumaki a bayan idona, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Wasu sun ce kakanku Liman ne ya sa aka yanka zanena don ƙeta, baƙin cikin haka ya kashe mahaifina. Wasu sun ce mahaifin nawa ne ya taɓu da tsufa ya kama shi, ya koma kiwon ƙwarya. Duk ba haka aka yi ba. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin da idonsu, shi ya sa na zaunar da Mamman autana da tawada da alƙalami, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini gyaran malamai.

Mahaifina Sambo, wanda nake kira Baffa, Bafillace ne da iyayensa suka gaji da tafiya suka kafa gida a wani ƙauye kusa da Mahuta. Shanu sun ƙare tun yana saurayi, Fillancin ma ya bi su, sai abin da ba a rasa ba in ransa ya ɓaci. Abin da ya rage masa tumaki ne, da kunya. Ni ce 'yar farinsa, ni ce kuma kaɗai ta rayu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Duniya na kirana Asabe, shi kuwa sai ya ce, "Ke 'yar nan." Amma tumakinsa kowace da sunanta, kuma yana kiran su da wata irin murya mai laushi da har kishi take ba ni. Akwai Mai-kwalli, fara mai baƙin zobe a idanu, uwar garke, jikar tunkiyar da uwata ta zo da ita gidan aure. Akwai Gajera, da Kurma wadda ba ta amsa kira sai ta ga dusa, da Uda da ya samo daga fataken arewa, rabinta na gaba baƙi rabin baya fari, sai ka ce an tsoma ta a karofin masu rini an fasa. Wajen uwata na koyi zanen ƙwarya kafin ta rasu: layi-layi, zobe-zobe, ɗigo-ɗigo, a kankare da ƙaramar wuƙa, a shafe da baƙin tukunya da man kaɗe. Da wannan sana'ar aka kai ni gidan ubanku, Malam Iro, ɗan Limamin wani ƙauye a hanyar Danja.

Bayan aurena yanar ido ta rufe wa Baffa idanu. Bai daina kiwo ba. In gaskiya za a faɗa, tumakin ne suka koma kiwon sa: Mai-kwalli a gaba, shi a baya da sanda yana bin ƙarar kofatonsu, su kai shi fadama su dawo da shi kafin magariba. A bakin garke yakan durƙusa, kowace ta wuce ta ƙarƙashin hannunsa, ya shafa kunnenta da ƙashin bayanta, ya san wadda ta ƙoshi da wadda ta yi wasa da cin ciyawa.

Shekarar da nake ba ku labari, dawa ta fara fitar da kai ke nan aka aiko mini cewa ciwo ya shiga tumakin ƙasarmu. Na roƙi Malam ya bar ni na tafi gida. Na tarar da garken da majina a hanci, baki ya kumbura, zawo ya ɓata musu gindi. Mun ba su kanwa, mun ba su jiƙon sassaƙe, mun yi musu hayaƙi, a banza. Maza duk suna gona, kowa kuma da nasa mushen a gida. Ni mace ce, ba a san mace da yanka ba a wajenmu. Baffa ya rataya wuƙa a wuya, yana zagaya garken yana laluba, amma ciwon ya fi hannunsa sauri. Sai ya taɓa wannan ya ji ta yi sanyi, kafin na ja shi wajen waccan da ke shure-shure ta riga ta miƙe. Mai-kwalli ce ta ƙarshe. Ta kwanta nesa da turkenta, bayan rumbu, ba mu gan ta ba sai da ungulu suka nuna mana.

Da kaka ta wuce, Malam ya zo da jaki ya ɗauko shi. Kun san abin da ake nufi da Bafillace ya zauna gidan surukinsa. Malam ya yi masa ɗan ɗaki can bayan gida gindin tsamiya, inda ba sai sun haɗu ba, amma Baffa bai ko lura da wannan karamcin ba. Ya zauna kan buzu, ya daina cin abinci. Ba ƙi yake yi da baki ba, yakan ce an gode, sai in dawo in tarar da ƙudaje a kan furar. Hannuwansa kawai ke aiki, suna buɗewa suna rufewa a iska daidai tsayin bayan tunkiya. Na ga wuyansa yana sirancewa, riga tana yi masa yawa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san in aka ci gaba a haka ba zai ga damina ba.

Wata la'asar ina zaune kusa da shi da sabuwar ƙwarya a cinya, ina nufin in yi mata zoben da na saba. Hankalina ya tafi. Na ga fadamarmu da safe, raɓa a kan ciyawa, Gajera ta ɗaga kai tana tauna tana kallona da wannan kallon nata na raini. Da na dawo cikin hayyacina sai na ga wuƙar ta bar hanyar zobe, ta yi doron baya, ta gangara ta yi wuya da kunne. Na ƙarasa ƙafafun don kada ƙwaryar ta lalace, na dama fura a ciki na miƙa masa. Ya karɓa zai ajiye kamar kullum, sai yatsunsa suka faɗa cikin zanen. Ya tsaya. Ya bi layin tun daga wutsiya har hanci, ya koma ya sake bi.

"Ke 'yar nan, wace ce wannan?"

"Gajera ce, Baffa."

"Gajera?" Ya yi tsaki. "Yaushe Gajera ta yi wannan dogon wuya? Kuma ina tsagar kunnenta na hagu, inda ƙaya ta kama ta? Ke kin taɓa kallon dabbar nan kuwa?"

Yana faɗa yana kai ƙwaryar baki. Sai da ya shanye furar tas yana ta zagin zanen, ni kuwa na juya baya ina share hawaye da bakin zane.

Daga ranar na shiga aikin da ban taɓa ganin wani ya yi ba. Sai na fara gwadawa a ƙasa da tsinke, in share da tafin hannu in sake. In ta fara kama, sai in ɗauko sakaina in zana da gawayi, in jingina ta a bango in ja baya in duba. Sakainun nan sun cika bayan ɗakina, wata kai kaɗai, wata ƙafa a naɗe, wata tunkiya tana sosa kunne da kofato. Na gano ashe ban san tumaki ba duk da na tashi cikinsu. Ban san gwiwar baya baya take kallo ba sai da na je gidan maƙwabta na tsuguna gaban 'yan tumakinsu, har matan gidan suka fara tambayar ko lafiya nake. Abin da ido ya manta kuma Baffa ke biya mini. In rufe ido, shi yana faɗa, kunnen Kurma ya fi faɗuwa, Uda tana da ɗan tudu a hanci, sai in ga dabbar tana tahowa daga cikin duhun idona, tana kaɗa kai, har ta tsaya. Sa'an nan in ɗauki wuƙa. Wurin da ke baƙi a jikinta in kankare shi da ƙananan tsagu don yatsa ya ji, wurin fari in bar shi sumul. Ba ya karɓar ƙwarya sai ya gwada ta da hannu, kuma ya mayar mini da da yawa. Wadda ya yarda da ita, a cikinta zai ci abinci ranar.

Kafin bazara garke ya cika. Da hantsi sai ya ce in fito da su, in kife su a rana gindin tsamiya. Ku da ba ku gani ba ba za ku gane ba. Fararen ƙore a kife, manya da ƙanana, inuwar ganye tana yawo a kansu, in ka tsaya daga nesa ka lumshe ido sai ka rantse tumaki ne suka kwanta suna tuƙa. In iska ta taso sukan ɗan motsa su gogi juna. Baffa yana tsakiyarsu yana ja da gindi daga wannan zuwa waccan, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci da Fillancin da na ɗauka ya manta. Sau da yawa ina kaɗi a gefe barcin rana ya ɗan fizge ni, in ji warin garke, in ji kukan 'yan raguna daga wajen fadamar da ke tafiyar yini daga nan. Har wata tunkiyar maƙwabta ta riƙa ɓallowa tana zuwa ta kwanta a cikinsu, ba wanda ya kira ta. Naman wuyan Baffa ya dawo. Ya fara yi mini faɗa a kan gishirin miya, na san ya warke.

Sai na yi kuskuren gaggawa. Baƙi suka sauka a zauren Baba Liman, aka ce a kai fura, ƙorena na kirki duk suna jiƙe, na miƙa hannu na ɗauko Uda na dama a ciki. Bayan azahar Malam ya shigo fuskarsa ba daɗi, ya ce Baba na kirana. Na je na durƙusa a bakin zaure ta ciki, kaina a ƙasa. Kakanku dogon mutum ne mai magana a hankali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ko ga akuya ba. Ƙwaryar tana gabansa.

"Asabe, hannunki ne wannan?"

"Nawa ne, Baba."

"Allah ya ba ki hannu. Shi ya sa nake jin miki tsoro. Abin da muka karanta shi ne, wanda ya siffanta mai rai, ranar tsayuwa za a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Ba na so a yi miki wannan tambayar, ba na kuma so a yi mini ta gidana."

Na ce, "Baba, a cikinsu yake cin abinci."

"Na sani, Iro ya gaya mini. Ban ce a fasa su ba. Akwai sauƙi. Ki ɗauki wuƙarki ki ja layi ɗaya a wuyan kowace, ya raba kai da jiki. Abin da aka raba kansa da jikinsa ba mai rai ba ne, ya zama ado. Ƙorenku na nan, mahaifinki ya ci gaba da cin abincinsa."

Shi a ganinsa ya yi mini rangwame, kuma ga mai ido rangwamen ne, don ɗan siririn layi ba ya ɓata zane. Amma Baffa ba da ido yake gani ba. Yatsan da ya gane tsagar kunnen Gajera ba zai tsallake wuƙa a maƙogwaronta ba. Na ga kamar an ce in sake kashe masa garke, wannan karon da hannuna. Na tashi na fita. Malam ya biyo ni yana cewa in yi haƙuri, maganar Baba ba ta da makawa. Ina son ubanku, ku sani, kuma a lokacin ina goyon yayarku. Duk da haka na yanke shawara a raina: gara in bar gidan. Washegari da hantsi, maimakon in kife ƙoren a rana, sai na shimfiɗa raga na fara jera su ciki, zan ɗauki tsohona da garkensa mu koma kangonmu na Mahuta, abin da zai faru ya faru.

Baffa ya ji ƙarar da ba ta saba ba.

"Ke 'yar nan, ina za ki kai su da rana tsaka?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na gaya masa duka, har da maganar layin. Hannunsa yana kan Kurma, babban yatsansa yana kai da komo a wuyanta.

"A wuya ya ce?"

"A wuya, Baffa. Amma ba zan yi ba. Tafiya za mu yi."

"Zauna." Na zauna. "Kin san abin da ya hana ni cin abinci? Ke kin ɗauka don sun mutu ne. Dabba ai ta mutuwa ce, na yanka iyayensu da hannuna na ci. Amma waɗannan na kiwata tun suna rawar ƙafa, suka kai ni suka dawo da ni lokacin da ba na ganin tafin hannuna, kuma ko ɗaya ban kai mata wuƙa ba. Ko ɗaya ba a ambaci sunan Allah a kanta ba. Mushe suka tafi, ungulu ta ci. Ga wuƙa a wuyana." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Je ki ce wa Malam Liman na gode. Amma ba ke za ki yi ba, mace ba ta yanka. Ni zan yi."

Ya ce ba a yanka garke rana ɗaya sai ka ce an ci gari da yaƙi, za a riƙa yin ɗaya duk Juma'a. Juma'ar farko bayan an sauko, ina wasa wuƙar zane, sai ga Baba Liman da kansa ya zagayo bayan gida, wurin da bai taɓa takawa ba. Ya yi sallama, ya naɗe hannun rigarsa ya tsuguna.

"Malam Sambo, yanka na son mai riƙewa. Ga ni."

Ku da kuke cewa ƙeta ce, ku ji wannan. Kakanku Liman ne ya riƙe Gajera ya fuskantar da ita gabas. Ni na ɗora hannun Baffa a kan wuyanta na riƙe masa wuyan hannu. Ya shafa kunnenta mai tsaga, ya yi bisimilla, ya yi kabbara, ya ja wuƙar. Ɗan farin gari ya zubo a kan buzu. Sa'an nan ya ce naman yanka ba a ci shi kaɗai, a cika ta da fura a kai wa maƙwabta, su riƙe har ƙwaryar. Abin da ya sa ke nan kuke ganin ƙoren nan a gidajen mutane har wajen Danja, kowace da layi a wuya.

Haka muka bi damina. Kowace Juma'a garke na raguwa, Baffa kuma yana ƙara sauƙi, fuskarsa tana washewa, yana dariya da yaran gida. Amma cin abincinsa ya fara komawa baya, a hankali, ba irin na da ba, irin na wanda ya ƙoshi. Na duba ƙoren da suka rage gindin tsamiya, na duba shi, sai na gane lissafin da yake yi. Da ya rage saura Mai-kwalli ita kaɗai, sai na nemo wani ɗan ƙoƙo na ɓuya bayan rumbu. Na zana 'yar tunkiya sabuwar haihuwa, ƙafafu a tale, kunnuwa sun fi kai girma. Da safe na kife ta kusa da Mai-kwalli. Hannunsa ya iske ta. Ya juya ta, ya bi ta da yatsa a hankali.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Mai-kwalli ce ta haihu, Baffa."

Ya yi dariya har da tari. Ya gane sarai abin da nake nema, in ƙara masa Juma'a, in ƙara wata, in yi ta haifa masa tumaki har abada.

"Tsohuwar nan ba ta daina ba ni mamaki. To, abin da aka haifa a gidanki naki ne. Ba a yanka jaririya, ki bar ta ta girma." Ya ɗora ɗan ƙoƙon a cinyarsa. "Yau wace rana?"

"Asabar."

"To sunanta Asabe." Ya shafa kan ɗan ƙoƙon da irin muryar nan mai laushi da nake kishi tun ina yarinya. "Asabe. Asabe. Kin ji ki ci ciyawa da kyau."

Ranar ce kaɗai na ji sunana a bakin mahaifina. Juma'ar da ta biyo ya yanka Mai-kwalli, ya ce a kai wa Baba Liman ita. Bai kai wata Juma'ar ba. Da la'asar na kawo masa ruwan alwala na tarar ya jingina da tsamiya, hannuwansa a buɗe kan gwiwa, sun daina laluben komai.

Bayan an yi sadakar bakwai Baba Liman ya ga ɗan ƙoƙon a hannuna, ya ga wuyan ba layi. Na gaya masa abin da Baffa ya ce. Ya daɗe yana kallon ta, sa'an nan ya ce in ajiye ta a rumbu, ba a ɗakin kwana ba, in ta girma na san abin yi. Ban sake zana mai rai ba tun daga nan. Na koma layi-layi da zobe-zobe, su na aurar da ku da su, kuma ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya yi kewar tumaki duk tsawon shekarun nan. Kowace kaka in za a zuba sabuwar dawa nakan fito da ita in shafa mata man kaɗe, in ce ba ta isa ba tukuna, in mayar.

Bana yanar da ta rufe idon Baffa ta gama rufe nawa. Jiya na sa aka ɗauko mini ita daga rumbu, na bi ta da yatsa, na ji ashe ƙafar baya ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma tsohon nan ya ji haka bai ce komai ba. Ga ta nan a cinyata. Na ƙoshi, 'ya'yana, kada wanda ya yi mini kuka ko ya ɓoye ya zana mini wata. Gobe Juma'a. Ni mace ce, amma wannan tawa ce, Baffa ya ba ni. Mamman, in an sauko daga masallaci ka wasa ƙaramar wuƙar nan, ka nuna mini gabas, ka riƙe mini wuyan hannu.